Goyo a Dutsen Jiri

Abu na farko da ƙasar Koriya ta karɓe mini shi ne kilishi. Inna ce ta aika aka sayo shi, ta naɗe da hannunta cikin takarda ninki uku, ta cusa shi can ƙasan jaka tsakanin zannuwa. A filin jirgin Incon wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta ciro ƙunshin, ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta jefa shi cikin wani babban kwando. Kuka da daddawa da yaji kuwa shinshinawa ta yi ta mayar mini. Na yi mata godiya da Faransanci, don Ingilishin da na yi wata shida ina koyo a Yamai ya gudu ya bar ni a tsaye.

Sunana Salamatu. A Matameye aka haife ni, a can nake aiki a sarwis ɗin noma, ina bin matan da ke lambu a fadamun Tsauni da Icirnawa muna koyon adana iri tare. Ina da shekara talatin da ɗaya na samu burs, wato tallafin karatu, ta shekara biyu don ƙaro ilimi a kan wannan aikin. Na baro mijina, Malam Lawali, wanda ke koyarwa a lakwal, da ƴarmu guda ɗaya, Nana, ba ta cika shekara uku ba. Ƙanwata Hassana ce ta karɓi riƙonta a gidan Inna.

Garin da jami'ar take sunansa Dajon. Tun ina gida na haɗu da wani mutum a cikin wani rukunin ɗaliban Afirka na waya, mai jin Faransanci, wanda ba ya buɗe baki sai ya ce mini "ƴar'uwa". Ya ce ɗakunan jami'a sun cika, amma ya samo mini ɗaki mai kyau kusa. Ya turo hoto: gado, tebur, da taga mai labule ruwan ɗorawa. Na aika masa abin kama ɗakin. Shi ya tarbe ni a tasha, ya ɗaukar mini jaka har hawa na huɗu, ya miƙo makulli, ya ce yana sauri, gobe zai leƙo. Da na rufe ƙofa na ja labulen don in ga garin. Bango ne a bayansa. An kafa sandar labulen ne kawai a jikin bango.

Wayarsa ba ta sake shiga ba. Daga baya a ofishin ɗalibai aka gaya mini an ajiye mini gado tun farko, da ba su ji daga gare ni ba suka ba wata.

Ɗakin nan, in zan yi sujada sai na ɗora jaka bisa gado. Ba na sanin gari ya waye sai waya ta faɗa mini. A wurin karatu ba wanda ya taɓa yi mini wulaƙanci, amma ba wanda ya taɓa tambayata ina gajiya, ina gida, ina yara. Kai ake ɗan sunkuyarwa a wuce. Ni da na saba gaisuwa daga ƙofar gidanmu har kasuwa, sai in yini ban faɗi kalma ashirin ba. Ƙarfe shida na yamma in na tashi daga ɗakin gwaji, a Matameye hantsi ne, lokacin nake kira. Ina jin zakara, ina jin daka daga gidan maƙwabta, ina jin mai tallar rake yana wucewa. Sai a miƙa wa Nana wayar ta cika fuskar da goshinta ta ce, "Mama, yaushe?" In ce, "Saura kaɗan." A kashe, in zauna ina kallon labule.

Wata biyu na yi a haka.

Madafa ɗaya ce ga duk mutanen hawan. Ran wata Asabar kewa ta ishe ni, na ce yau ko za a kore ni sai na sha miyar kuka. Na tuƙa tuwo da garin shinkafa, na jefa daddawa a tukunya. Kafin miya ta nuna ƙofofi sun fara buɗewa, wani saurayi ya leƙo ya toshe hanci ya koma. Sai ga wata ƴar ƙaramar mace, ko kafaɗata ba ta kai ba, gashinta da furfura jifa-jifa. Ta tsaya bakin tukunya ta ja numfashi mai tsawo, ta lumshe ido.

"Wannan warin gida ne," ta ce da Ingilishi. "Mu ma muna da irinsa, amma da kifi ake yin namu. Ina cokali?"

Marisel ke nan, ƴar ƙasar Filifin, tana aiki a wata masana'anta da ke ƙunsa ganyen teku a leda. Ta girme ni da shekara goma sha biyar, shi ya sa na ce mata a wurinmu Yaya zan kira ta. Ta cinye tuwo malmala biyu, miyar na zarya daga cokali tana dariya. Da ta gama ta dube ni da kyau.

"Fuskarki ta mutumin da bai ga sama ba ce. Gobe Lahadi, za ki bi mu dutse."

"Me ake sayarwa a can?"

"Ba komai."

"To wa za mu je gaisarwa?"

"Ba kowa. Hawa ake yi, a sauko."

Na tsaya ina lissafin irin mutanen da za su huta rana ɗaya a mako su ɓatar da ita wajen wahalar da kansu. Amma ɗakina ne kawai ke jirana, sai na ce to.

Da safe ta kawo mini wasu takalma masu nauyi kamar na soja, na wata ƴar ƙasarsu da ta koma gida. Mun shiga motar gari har inda hanya ta ƙare, gindin wani dutse da ake kira Keryong, cikin gandun dajin da gwamnatinsu ke tsaro. A nan muka tarar da sauran: mutum bakwai ko takwas, duk baƙi, ma'aikatan masana'antu da ɗalibai. Jagoransu Kumar ne, ɗan ƙasar Nefal, mai walda, mutum mai sanyin magana da yatsa ɗaya guntule.

Ni abin da na taɓa hawa mafi tsawo shi ne tudun rairayi, sai duwatsun Birni a Damagaram da muka hau sau ɗaya muna ƴan makaranta. Kafin rabin awa ƙirjina ya kama wuta. Matakala ce ta dutse, in kin gama wannan ga wata. Tsofaffin Koriya, mata da maza, sanye da riguna ja da kore da shuɗi kamar masu zuwa biki, sai su zo su wuce ni da sandunansu biyu-biyu, wata ma da rediyo a aljihu. Wata tsohuwa ta tsaya, ta dubi hijabina da ya jiƙe da gumi, ta ɓare kokwamba ta raba biyu ta tura mini rabi a hannu, ta yi gaba ba ta jira godiya ba.

"Yaya Marisel, saura nawa?"

"Kaɗan."

Sau biyar tana cewa kaɗan. A na shidan na ce mata ta ji tsoron Allah.

Da muka fito daga cikin itatuwa muka hau kan wani falalen dutse, iska ta buge ni, na ɗaga kai. Duwatsu ne bayan duwatsu, na kusa kore, na baya shuɗi, na can ƙarshe kamar hayaƙi. A garinmu ido kan yi tafiya har ya gaji, daga gawo zuwa giginya zuwa inda sama ta taɓa ƙasa. Ban san idona na jin yunwar nesa ba sai ranar. Na zauna na rufe fuska da hijabi. Kumar ya zuba shayi mai madara a murfin gorarsa ya ajiye kusa da ƙafata.

Da azahar ta yi na yi alwala da ruwan gora, Kumar ya nemo mini alƙibla a wayarsa, Marisel ta tsaya gefena da hannu a ƙugu tana karkatar da masu wucewa. Bayan nan aka baje abinci, kowa da na ƙasarsu, aka fara gardamar da na gane ba ta ƙarewa: wane dutse ya fi. Wani ɗan Uzbekistan ya rantse da Sorak lokacin da ganye ya yi ja. Wata ƴar Biyetnam ta ce Bukhan, don kina kan dutse kina kallon babban birnin Seul duka a ƙasanki. Kumar ya yi murmushi ya ce a garinsu irin waɗannan ko suna ba a ba su, hanyar zuwa makaranta ce, amma duk da haka yana son Keryong don shi ne ya fara karɓarsa. Marisel ta ce, "Jiri. Ba wani sai Jiri." Na fashe da dariya har na ƙware. Na gaya musu abin da jiri ke nufi da Hausa, Kumar ya ce to wanda ya sa sunan Bahaushe ne.

Tun daga ranar, Lahadi ta zama tawa. Ko da na samu ɗaki mai taga ta gaske a jami'a bayan zangon farko, ban daina bin su ba. Na hau Bukhan ina riƙe igiyar ƙarfe ina karanta duk addu'ar da na iya. Damina ta same mu a kan hanya mun jiƙe sharkaf. Ƙafafuna suka yi ƙarfi, Ingilishina ya zauna, na koyi ce wa tsofaffi sannu da harshensu.

A watan Oktoba ne abin ya same ni. Hassana ta turo mini bidiyon wani suna da aka yi a unguwarmu, don in ga mutane. Can gefen hoton ga Nana tana gudu da wasu yara, ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi. Ta tashi tana kuka tana kiran, "Mama! Mama!" Na miƙe tsaye a ɗakina ban sani ba. Hoton ya girgiza, wayar ta karkace, don wadda ke riƙe da ita ce ake kira. Hassana ce Mama.

Washegari da na kira, Hassana ta ce, "Nana, zo ki gaida Mama." Na ji muryarta daga nesa tana cewa, "Wace? Ta cikin waya?" Ba ta zo ba, tana wasa.

Inna ta karɓi wayar ta ji ina shessheƙa. "Ke Salamatu, a kan ƴar fari kike wannan kuka? Ba kya jin kunya? Yarinya lafiyarta lau, tana ci tana sha, ƙanwarki ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kanta. Me kike so kuma?" Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san muryarta ita ma rawa take. Malam ya ce, "Ni ban hana ki dawowa ba, gidanki ne. Amma kada ki yanke magana kina kuka. Ki bari hawayen ya bushe tukuna."

Bai bushe ba. Ran Alhamis na rubuta wa farfesana takardar ajiye karatu, na sa a ambulan, na ce Litinin zan miƙa.

Marisel ba ta yi mini musu ba. Ta karanta takardar, ta ninke, ta mayar mini. "Litinin kika ce? To Lahadi tawa ce. Ba za ki bar ƙasar nan ba ki ga Jiri ba."

Dutsen na can kudu, da nisa. An kira Kumar aiki, sauran ma kowa da uzurinsa, sai muka tafi mu biyu ran Asabar, muka kwana a wani ƙauye a gindinsa. Ina idar da sallar asuba muka kama hanya. Ganye ya yi ja da rawaya, rafi na bin gefenmu. Ban taɓa hawa mai tsawon wannan ba. Rana ta take tsaka kafin muka kai ƙololuwa, inda ba itace sai duwatsu da iska mai yanka kunne. Marisel ta ja ni gefe, nesa da masu layin ɗaukar hoto, ta nuna kudu. Can ƙarshen duwatsu akwai wani siririn haske kamar an ajiye wuƙa.

"Teku ne," ta ce. "In kika bi shi kika yi ta tafiya, garinmu za ki. Shi ya sa nake son nan."

Muka zauna bayan wani dutse muna cin dafaffen ƙwai. A nan ta gaya mini abin da wata shida ba ta faɗa ba. Na san tana da ɗa, Paolo, ban san sauran ba.

"Yana shekara huɗu na taho. Na ce masa shekara biyu. Yanzu sha biyar gare shi. Takarduna sun ƙare tun tuni, in na fita ba dawowa, sai kowace shekara in ce bari in ƙara ɗaya, ya gama wannan ajin. Yana gaishe ni a waya kamar yadda ake gaida malamar makaranta. Yaron kirki ne. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Da ma ya yi."

"Ke nan in koma, Yaya?"

"Ban ce ba. Tashi mu sauka, rana ba ta jiran mu."

Mun yi kamar awa biyu muna gangarowa, mun shiga cikin itatuwa inda hanya duk duwatsu ce da jiƙaƙƙen ganye. Tana gabana tana ba ni labarin wata mai gidan da ta taɓa yi wa aiki. Sai ƙafarta ta zame ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikinta ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Na ji ƙarar. Ba ta yi ihu ba, bakinta kawai ta buɗe, fuskarta ta yi fari.

Na cire mata takalmi, idon sawun ya riga ya fara hawa. Ta gwada takawa ta zube. A kan hanyoyin nan akwai turaku masu lamba, in wani ya ji rauni a kira masu ceto a faɗa musu lambar. Akwai ɗaya kusa da mu. Na ciro waya, ta cafke hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kada ki kira."

"Yaya, ba za ki iya tafiya ba."

"Za su tambayi takardu. Salamatu, ba na so in koma wurin ɗana a ɗaure. In zan koma, da ƙafata zan shiga jirgi."

Daga baya wasu sun ce mini masu ceton ba ruwansu da takardun kowa. Wataƙila haka ne. Amma a wurin, tsoron da ke idonta shi ne abin da ke gabana. La'asar ta yi, inuwa ta rufe kwarin, sanyi na saukowa, masu hawa yawancinsu sun riga sun wuce. Saura fiye da awa ɗaya ga mai ƙafa biyu.

A jakata akwai zanen atamfa da nake shimfiɗawa in yi salla. Na ciro shi na warware. Na juye kayanta cikin jakata, na rataya ta a gaba, na durƙusa na ba ta baya.

"Hau."

"Ni ba yarinya ba ce."

"Na ɗauki buhun iri da ya fi ki nauyi. Hau, Yaya."

Ta hau. Na yafa zanen, na ja shi ƙarƙashin cinyoyinta, na ɗaure sama, na ɗaure ƙasa, na miƙe da bismilla. Ƙarya na yi mata, ta fi buhun iri. Kowane taki sai na nemi wurin sa ƙafa da sanda, in sauke ɗaya, in jawo ɗayar. Gumi na shiga idona, ɗaurin na cin ƙirjina. In na yi taki talatin in jingina da itace in huta, ba na kwance ta don na san in na sauke ba zan iya sake ɗauka ba.

A wani hutun ta yi nishi saboda zafin ƙafar. Ban san lokacin da hannuna ya zagaya baya ya fara bubbuga ta a hankali ba, jikina na ɗan rausaya hagu da dama, bakina na cewa, "Yi shiru, yi shiru, mun kusa." Wata takwas bayana bai ɗauki kowa ba, amma bai manta ba. Da na gane abin da nake yi sai kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, a tsakiyar dajin mutane. Marisel ta kwantar da kumatunta a wuyana. Hijabina ya jiƙe ta wajen, na san ba gumina ba ne.

Can ta ce, a kunnena, "Ke ranar komawarki a rubuce take. Ni ban taɓa samun rana ba, shi ya cinye ni. Ki faɗa mata ranar. Ki daina ce mata saura kaɗan."

Muka ci gaba.

Sai muka ji ƙarar sanduna a bayanmu. Wani tsoho ne da matarsa, dukkansu kai fari fat. Tsohuwar ta zagayo gabana, ta dubi ɗaurin zanen, ta dubi Marisel a bayana, ta tafa hannu tana dariya. Ta bugi ƙirjinta, ta nuna yatsu huɗu, ta yi alamar goyo. Ashe su ma da haka suka yi renon nasu. Ta sa hannu ta kwance ɗaurin sama, ta cusa tawul ɗinta inda yake cina, ta sake ɗaurewa tamau yadda ko Inna sai haka.

Tsohon ya durƙusa ya duba ƙafar, ya girgiza kai, ya ciro waya. Marisel ta yi masa magana da harshensu, kalmomi kaɗan, muryarta ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallon ta. Ya dubi matarsa. Sai ya mayar da wayar aljihu, ya cire ƙyallen wuyansa ya ɗaure mata sawun, ya karɓi jakar daga gabana ya rataya bisa tasa. Ya shiga gaba, kowane dutse sai ya buga shi da sanda ya nuna mini inda zan taka. Matar ta koma baya ta tallafo Marisel da hannu biyu daga ƙasa, nauyin ya ragu da kusan rabi. Haka muka sauko mu huɗu kamar mutum ɗaya, ba mai jin maganar wani sosai, tsohuwar na ta faɗin wata kalma da na ɗauka sannu ce.

Ana gab da magariba muka iso inda ake ajiye motoci. Da aka kwance zanen na kasa miƙewa, na zauna a ƙasa. Ko gora na kasa riƙewa. Tsohuwar ta ɓare lemo ta riƙa sa mini a baki ɓari-ɓari. A motarsu suka kai mu wani ƙaramin gari wurin likitan da tsohon ya sani, suka yi magana a gefe, ba a tambayi komai ba sai inda ke ciwo. Ƙashin ya tsage, aka sa filasta. Suka kai mu har tasha, suka ga mun zauna a mota, suka tsaya suna ɗaga hannu. Ko sunansu ban sani ba. Har yau in na idar da salla ina roƙa musu alheri.

Ran Litinin ko matakalar ɗakinmu ban iya sauka ba. Talata na je ɗakin gwaji ina ɗingishi, ambulan na cikin jaka, na gaida farfesa na wuce. Da yamma na tafi wurin Marisel na dafa mata abinci, na wanke mata kai. Haka na yi ta yi mako shida, ambulan na nan har gefensa ya lanƙwashe, wata rana na ciro shi na rubuta sunayen cefane a bayansa.

Na kira Malam na gaya masa ranar da zan gama. Ya ɗebo alli daga lakwal ya ja layuka a bangon zauren Inna, kowace Juma'a layi ɗaya, ya ce Nana ce za ta riƙa gogewa. Na daina cewa a kawo ta ta gaishe ni. Sai in yi saƙon murya in ba da labarin abin da na gani, kurege mai ratsi a baya, ƙanƙarar da ke sauka kamar auduga, Hassana ta kunna a tsakar gida, mai ji ya ji.

Masana'antar ba ta jira Marisel ba, ta sa wata a gurbinta. Da aka cire filasta ta je da kanta ofishin shige da fice ta ce tana so ta koma gida. Ni da Kumar muka raka ta filin jirgi a watan Disamba, tana dogara sanda. Ba mu yi dogon sallama ba. Ta ja kaina ƙasa ta sumbaci goshina, ta ce in ci abinci. Bayan kwana uku ta turo saƙo. Paolo ya zo tarbarta, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ya karɓi jaka bai ce komai ba. Suka shiga mota. Sai can ya sunkuya ya ɗago ƙafar ya ɗora a cinyarsa, ya ce, "Nan ne?" Bai sauke ta ba har gida.

Na yi sauran wata goma sha huɗu. Na gama, aka ba ni takardata.

Ranar da na sauka Matameye gidan Inna ya cika, ana guɗa, ana ta sannu da zuwa. Nana ta yi tsawo, haƙoranta sun yi tazara, tana tsaye bayan Hassana ta riƙe gefen zanenta. Aka ce ta zo, ta ƙi. Na ce a ƙyale ta. Na ba ta ƴar tsana da takalma, ta karɓa ta ce na gode kamar yadda aka koya mata, ta koma inda ta fito. Kwana biyu tana kallona daga nesa. In na yi dariya ta ɗago kai, don muryar ta sani, fuskar ce baƙuwa.

A rana ta uku da hantsi ina zaune kan tabarma gindin darbejiya ina tsince shinkafa. Na ji Hassana daga ɗaki tana cewa, "Yau hannuna ciwo yake, ba zan iya ba. Je ki can." Tun jiya ta tsefe wa Nana kai ta bar shi haka. Sai ga Nana ta fito da mataji da kwalbar mai, kai buzu-buzu, tana jan ƙafa. Ta tsaya gabana.

"Kin iya kitso?"

"Na iya."

"Mama Hassana ba ta ja da ƙarfi."

"Ni ma ba zan ja ba."

Ta yi nazarina. Sannan ta juya ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta miƙo matajin ta kan kafaɗa. Na ture farantin shinkafa. Na tsaga layin farko. Ta bakin ƙofa na hango Hassana tana share ido da bakin mayafi, Inna kuwa ta juya baya wai tana gyara murhu.

Ƙanana na yi mata, sirara, irin masu cin lokaci. Kafin in kai rabi kanta ya yi nauyi, ya kwanta bisa cinyata, barci ya ɗauke ta. Aka kira azahar, Inna ta ce in tashe ta mu ƙarasa bayan salla. Na ce a ɗan ba ni lokaci, saura gefe ɗaya.